Barde da Dakare: Tafiyar Kalmomi Biyu Zuwa Dirin Daji

Duk wanda ya taɓa kwana a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a ƙasar Zuru, ya kuma zauna inda dattawa ke kewaye akwatin rediyo bayan sallar isha'i, lalle ya ji kalmar "dakaru" tana fita daga bakin mai karanta labarai fiye da sau ɗaya kafin a tashi hira: yau dakarun Najeriya sun fatattaki wasu, gobe dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun isa wata ƙasa, har ma a ce dakarun sama da dakarun ruwa, alhali kuwa a asalin lugga dakare shi ne mayaƙin da ba shi da abin hawa sai ƙafafunsa. Kalmar da zai daɗe bai ji ba ita ce abokiyar tafiyarta, wato "barde", wadda a zamanin da ta fi ta daraja nesa ba kusa ba, domin ita ce sunan mayaƙin da ke bisa doki. Yadda aka yi ta ƙasa ta cika duniya, ta bisa kuma ta koma zauren fada da filin hawan salla, shi ne abin da nake so mu bi sawunsa a hankali, kuma ban ga wurin da ya fi dacewa a tsaya a dubi wannan mas'ala ba kamar wannan gari da ke tsakanin duwatsu da kurmi, kusa da iyakar Jihar Kebbi da Jihar Neja.

Mu fara da ta'arifi, kamar yadda malamanmu suka saba kafin su shiga bayani. Barde, jam'insa barade, shi ne jarumin da ke yaƙi a kan doki ƙarƙashin tutar wani shugaba, kuma wannan ƙaidi na ƙarshe shi ne ruhin kalmar. Falke yakan hau doki, malami yakan hau, ango ma akan ɗora shi ranar buki, duk waɗannan sunansu mahaya, amma ba wanda zai kira ɗayansu barde. Kafin mutum ya cancanci sunan sai an san ubangidansa, an san bargar da dokinsa ke kwana da rumbun da dawarsa ke fitowa, an kuma san wanda za a je wa da ƙara in ya taka gonar talaka ko ya ƙwaci abin da ba nasa ba. Sau da yawa dokin ma ba mallakarsa ba ne, amana ce daga sarki ko hakimi, kuma wanda ya ba da amana yana da ikon karɓe ta. Saboda haka tun farko kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu a haɗe: a fagen fama barde soja ne, in an dawo gida kuwa shi ne ɗan aiken hukuma mai sauri, wanda ake tura wa ƙauye ya kamo mai laifi, ya raka ayari, ya bi sawun ɓarayin shanu, ko ya tsaya kan masu tara haraji. Aikin da a yau aka raba tsakanin bariki da caji ofis, a wancan zamani mutum ɗaya ke ɗauke da shi a kan sirdi ɗaya.

Wanda ya san Larabci ko kaɗan, in ya saurari sunayen kayan barde, zai ji hanyar da suka biyo. Sirdi da linzami da likkafa da lifidi duk kalmomin aro ne daga harshen Larabawa, sun keto Sahara da Barno tare da fatake da malamai, harshen Bahaushe ya lanƙwasa su har suka zama nasa. Tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunarsa. Lifidi kuwa rigar auduga ce mai kauri da ake dinkawa a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya ta rasa wurin shiga, kuma nauyinta ya kai matsayin da in ɗan lifidi ya faɗi ba ya iya tashi sai an tashe shi, don haka ba ya rabuwa da zagage masu bin sa a ƙasa. A nan ma akwai abin lura: mafi girman mayaƙan doki bai taɓa wadatuwa daga mai tafiya a ƙasa ba.

Shari'a ita ma ta san wannan bambanci, ta kuma yi masa hukunci. A mazhabar Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu cikin Risala da sauran littattafan fiƙihu, idan an zo rabon ganima mai doki yana samun kaso uku, biyu saboda dokinsa, ɗaya saboda kansa, mai yaƙi a ƙasa kuwa kaso ɗaya. Hikimar a fili take, domin ciyar da ingarma ya fi ciyar da mutum tsada, ga dawa, ga ciyawa, ga kanwa, ga yaron da zai kwana a barga. Amma tasirin hukuncin a cikin zukata ya zarce lissafin ganima, har aka wayi gari daraja ta zama tana tare da sirdi, duk wanda ke neman suna a fada burinsa a ɗora shi a kan doki.

Daga nan sarautu suka tsiro. Madawaki, wanda Kanawa suka taƙaita zuwa Madaki, ma'anarsa mai dawaki, kuma shi ne jagoran mayaƙan doki a Zazzau da wasu masarautu. A Katsina da Maraɗi wannan nauyi yana wuyan Ƙaura. A ƙasashen yamma akwai Ubandawaki. Shamaki shi ke kula da bargar sarki. Har yau cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, biyu sunan doki ne a kansu, wato Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ita kanta kalmar tamu ta zama rawani: akwai Barde, akwai Barde Kerarriya, Sakkwatawa kuma suna da Baraden Wamakko.

To, wannan duk labarin kalmar ne kamar yadda ake jin ta daga cikin birni mai ganuwa. In mutum ya tsaya a ƙasar Zuru ya saurare ta, wani amo dabam zai ji. Mutanen da suka fi yawa a wannan masarauta suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, amma Hausawa sun san su da Dakarkari, tilo Badakkare, kuma ruwayar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce sunan ya samo asali daga dakare, saboda kakanninsu su ne mayaƙan ƙasa na daular Kabi tun zamanin Kanta. Tare da su akwai Fakkawa da Dukawa da Kambari, ga kuma Acifawa a duwatsun da ke wajen Sakaba. Ƙasa ce ta tuddai da kwazazzabai da itatuwa masu duhu, inda ƙudan tsando ke sa wa dabba sammore, inda kofaton doki ke zamewa a kan fa, kibiya mai dafi kuma ta fito daga inda ido bai kai ba. Mazaunanta manoma ne masu juriya, waɗanda al'adarsu ta golmo ke sa saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, kuma wanda ya horu da garma haka, tafiyar yini a ƙasa da kwari a kafaɗa ba ta ba shi tsoro.

A ƙarni na goma sha tara, bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a wajen 1864, da kuma zamanin ɗansa Ibrahim, hare-haren mahaya sun addabi ƙasashen Kambari da Gwari da Dakarkari, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901. Ga manomin da ke gindin dutse a wancan zamani, ƙurar dawaki a nesa alama ce ta ya bar garma ya kwashi iyali ya hau tudu. Ya wajaba marubucin Hausa ya faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, domin kalmar da maroƙa ke yi wa kirari a ƙofar fada, a wasu wurare da kuka aka san ta, kuma ba a fahimtar ma'anar kalma cikakkiya sai an tambayi wanda aka yi sukuwa a kansa, ba wanda ya yi sukuwar kaɗai ba. Har yanzu mai yawo a ƙasar Zuru zai ga kufan tsofaffin garuruwa a kan duwatsu, waɗanda aka sauko daga cikinsu bayan hankali ya kwanta.

Tarihi kuma ya sha nuna cewa fifikon mai doki yana da iyaka. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ƙalilan ne, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, amma su suka yi rinjaye. Abin da ya biyo baya shi ne daular da aka kafa da kibiya ta koma ta dogara ga doki, kamar waɗanda ta gada. Bayan shekara ɗari ba ɗaya, a ƙarshen Fabrairun 1903, makonni kaɗan bayan faɗuwar Kano, baraden Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo a Kwatarkwashi da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa da ba ta kai mutum hamsin ba, suka yi ta kai hari sahu bayan sahu cikin ruwan harsashi, Waziri ya faɗi a wurin tare da jarumai da yawa. Ana iya cewa a ranar aka rufe littafin barde a matsayin mai yanke hukunci a fagen fama.

Abin mamaki ga mai bin lugga shi ne waɗanda suka yi nasara a Kwatarkwashi su ma da dawaki suka zo. Wata irin runduna ce da Turawa suka shirya a Arewa, wadda sojanta ke hawa doki don ya yi sauri, in an zo faɗa ya sauka ya durƙusa ya yi harbi, ke nan a hanya barde ne, a fage dakare. Bahaushe bai ba shi ko ɗaya daga sunayen biyu ba, ya ce da shi sojan doki kurum, kuma a ganina ya yi daidai, domin kalmar barde tana tafe da takobi da mashi da haɗuwa gaba da gaba. Wata ƙungiya daga wannan rundunar ce ta sha kashi a Satiru, kudu da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairun 1906, lokacin da talakawa masu gatura da fartanya suka auka mata kafin ta daidaita sahu, dawaki suka firgita, aka kashe Turawa uku da sojoji ashirin da biyar. Ramuwar da aka yi a watan Maris ta shafe garin daga doron ƙasa.

Da Turawa suka zauna, sai suka raba aikin barde gida biyu, yaƙi ya koma hannun soja, tsaron gari kuma ya koma hannun wasu masu sunaye sababbi. Dogari dai tsoho ne, da jar rigarsa da bulalarsa, yana tsaron sarki yana kuma kamo masu laifi. Daga baya aka kafa 'yan doka na En'e, masu kaki da fareti, shugabansu shi ne Wakilin Doka, muƙamin da Ado Bayero ya riƙe a Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya kuma hau gadon sarauta a 1963. Na gwamnati kuwa, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930, jama'a suka dubi abin da ke hannunsu suka ce 'yan sanda. A duba yadda ma'aunin suna ya sauya: a da ana kiran ma'aikacin hukuma da abin da yake hawa, yanzu ana kiransa da abin da yake riƙe da shi ko dokar da yake tsaro. A ƙarshen shekarun 1960 mulkin soja ya narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya, sunan ya saura a bakin tsofaffi. Rundunar 'yan sanda tana da sashen masu dawaki har gobe, ana ganinsu wurin fareti da filin ƙwallo da manyan taruka, amma harshe bai yi musu suna guda ba, sai dai a ce 'yan sandan doki, kuma kalmar da sai an jingina ta da wata kafin ta tsaya, alama ce ta cewa abin bai zauna cikin rayuwar mutane ba.

Ba mu kaɗai wannan ya faru gare mu ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna cewa jandarma, kalmar Faransanci wadda a asalinta sunan barade ne masu sulke na sarakunan Faransa, yau kuwa ga shi tana nufin jami'in da ke tsaye a shingen hanya. A zamanin mulkin mallaka sun san waɗanda ake kira gumiye, masu yi wa kumandan aiki a kan dawaki da raƙuma, sunan kuma daga kalmar Larabci ta ƙaumu ya fito. Kwanstabul, ƙaramin muƙami a aikin 'yan sanda, asalinsa a Latin shugaban barga ne, wato Shamaki. 'Yan sandan tarayyar Kanada, waɗanda aka kafa a 1873, har yanzu sunan hawan doki ne a kansu, ko da yake da mota da jirgi suke sintiri.

A nan gida kuwa sai dakare ya gaje fagen. Sojan zamani a ƙasa aka gina shi, kuma ƙasar Zuru ta ba da 'ya'yanta ga wannan aiki fiye da yadda yawan jama'arta zai sa a zata, tun daga rundunar Turawa da yaƙin Bama har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da abin da ya biyo baya. Daga cikinta aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Bauchi kafin ya zama Sarkin Zuru. Da wuya ka shiga unguwa a wannan yanki ba ka tarar da gidan tsohon soja ba. Masu fassarar labarai da suka nemi kalmar Hausa tsantsa da za ta maye gurbin soja, sai suka ɗauko dakaru suka faɗaɗa ta, majazi ya rinjayi haƙiƙa, har matuƙin jirgin yaƙi ya shiga cikinta. Barde kuwa ya sami mafaka a hawan salla, a Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, inda ake fitar da lifidi da sulke a yi jahi gaban sarki, har ma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin kundin gadon 'yan Adam a watan Disamba na 2024. Ya kuma saura a rawani, da sunan iyali, da bakin mai yabo in yana zuga namijin da ya yi abin bajinta.

Da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce nishaɗin masu son lugga ne. Amma mutanen Dirin Daji da Makuku da ƙauyukan Sakaba sun sake ganin ƙura a nesa, kuma sun sake koyon kwashe iyali cikin dare. Mahayan wannan zamani a kan babura suke zuwa, bibbiyu ko uku-uku, da bindigogi a rataye, suna yin abin da doki ya yi a ƙarnin da ya shige: su zo da sauri, su kore shanu, su kama mutane, su shige daji kafin taimako ya iso. A watan Afrilun 2021 sun kashe baturen 'yan sandan Sakaba tare da wasu jami'ansa da suka bi sawunsu. A watan Maris na 2022 sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wannan yanki, fiye da mutum hamsin suka rasa rayukansu, kwana kaɗan bayan haka kuma aka kashe sojoji a Kanya, cikin Danko-Wasagu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba iyalansu haƙuri. Jikokin dakaru ne suka fita kare gonakinsu, kamar yadda kakanninsu suka yi, sai dai wannan karon dutse ba ya tare harsashi yadda ya tare kofato.

Wata rana na ji wani mai fassara, cikin neman ƙawata zance, ya kira irin waɗannan mahara barade, kuma abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Wannan kuskure ne a lugga, kuma zalunci ne ga waɗanda aka kashe. Gaskiya ne baraden da sun yi ɓarna a wannan ƙasa, na kuwa faɗe ta a sama, amma ko a lokacin akwai tutar da suke ƙarƙashinta, akwai wanda za a tuhuma a gaban alƙali ko a gaban tarihi, shi ya sa har yau muke iya kiran sunan Kontagora da sarakunanta mu ɗora musu alhakin abin da mahayansu suka aikata. Wanda ya fito daga daji ba da izinin kowa ba, Hausa ta riga ta tanadar masa sunaye: ɗan fashi, ɓarawon daji, ɗan ta'adda, a fiƙihu kuma muharibi, mai yanke hanya, wanda hukuncinsa ke cikin Suratul Ma'ida. Wannan ma'auni ya hau kan 'yan sa-kai su ma, domin jaruntakarsu ba ta isa hujja ba sai sun kasance ƙarƙashin doka, an san mai ba su umarni, an san mai hukunta wanda ya wuce gona da iri a cikinsu.

Sarakunan da sun gane cewa ba a korar mahayi da ƙafa, don haka suka ɗauki nauyin barga komai tsadarta, suka ajiye barade a garuruwan kan iyaka. Ɗan sandan da aka ajiye a Dirin Daji da mota ɗaya, wadda ba ta ƙetare rafi da damina, an ba shi sunan hukuma ba a ba shi abin hawan da ya dace da ƙasar ba. Kirana ga gwamnatin Jihar Kebbi da ta tarayya shi ne su wadata jami'an wannan yanki da babura masu ƙarfi da man da za su sha da na'urorin sadarwa, su gyara hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan Sakaba da hedikwatarsu, su kuma riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙasar waɗanda suka san kowane kwazazzabo. Ga 'yan'uwana masu aikin jarida da rediyo kuwa, roƙona kada su sake ba ɗan fashi sunan barde.